Dodo a Fadar Joseon: Inda Ƙirƙira Take Tsayawa a Wasannin Tarihi na Koriya

Wasannin kwaikwayo masu dogon zango na Koriya ta Kudu da ke haɗa dodanni da zamanin da sun zama wani reshe mai zaman kansa tun daga shekarar 2019, lokacin da Netflix ya fitar da Kingdom. Tun kafin nan akwai irinsu, kamar The Scholar Who Walks the Night na 2015 mai labarin masanin da ke shan jini, amma Kingdom ne ya kai wannan salo ga idon duniya. Musun da ya fi yawa tsakanin masu kallo shi ne ko abin ya faru da gaske. Wasu na ɗaukar duk abin da aka nuna cikin tufafin da a matsayin tarihi, wasu kuma da zarar sun ga gawa ta tashi sai su ce shirme ne daga farko har ƙarshe. Dukansu sun kauce hanya, domin waɗannan wasanni suna da ƙa'idar abin da ake ƙirƙirowa da abin da ba a taɓawa.

Kim Eun-hee ce ta rubuta Kingdom, ta ajiye labarin a daular Joseon shekara uku bayan mamayar da Japan ta kai wa Koriya daga 1592 zuwa 1598. Sarki ya mutu, amma babban waziri Cho Hak-ju ya ɓoye mutuwar. 'Yarsa ce sarauniya, tana da juna biyu, yarima mai jiran gado Lee Chang kuwa ɗan ƙwarƙwara ne. Idan sarki ya ci gaba da motsi har ta haifi namiji, sarauta ta faɗo gidan waziri. Don haka aka sa likita ya tayar da gawar da wani tsiro, aka ɗaure ta da sarƙa a cikin fada.

Yadda cutar ta fita daga fada shi ne zuciyar labarin. Sarki ya kashe yaron likitan, aka mayar da gawarsa wani gidan jinya a Dongnae, can kudu, inda marasa lafiya ke kwance ba abin da za su sa a baki. Wani daga cikin mazauna gidan ya dafa gawar, ya ce musu naman barewa ne. Suka sha romo, suka mutu, dare na yi suka tashi. Gari na wayewa sai su kutsa ƙarƙashin daɓen katako su yi lamo. Da abin ya ƙazanta, manyan gari suka cika jirgin ruwa suka gudu suka bar talakawa a bakin gaɓa, wata attajira kuma ta shigar da gawar ɗanta cikin jirgin a ɓoye don kada a ƙona ta. Marubuciyar ta sha faɗa cewa yunwa take son nunawa, ta talaka mai neman abinci da ta mai mulki da ba ya ƙoshi.

Sarkin da yariman da dangin waziri na Haewon Cho duk ƙagaggu ne, babu su a jerin sarakunan Joseon. Abin da ke kewaye da su ne yake da tushe. Dangin sarauniya sun riƙe ragamar mulki a ƙarni na 19, musamman dangin Andong Kim da na Pungyang Jo. An yi mummunar yunwa a 1670 da 1671, kuma rubuce-rubucen zamanin sun ambaci waɗanda wahala ta kai su ga cin naman ɗan'adam. Ita kanta Kim ta ce tunanin ya zo mata ne daga kundin tarihin daular, inda aka rubuta wata baƙuwar cuta da ta kashe dubban mutane. Wannan kundi ya ƙunshi shekaru 472 na sarakuna 25, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1997. Zango na biyu na Kingdom ya fito a Maris 2020, kwana biyu bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya, abin da ya sa wasu suka dinga cewa an yi duba. Ba duba aka yi ba, an gama ɗaukar wasan kafin cutar ta ɓulla, kuma masu mulki sun daɗe suna ɓoye annoba.

Gyeongseong Creature, wanda ya fito a Disamba 2023, ya matso kusa da zamaninmu. Gyeongseong shi ne sunan Seoul a ƙarƙashin mulkin mallakar Japan, daga 1910 zuwa 1945, kuma labarin na faruwa ne a watannin ƙarshe na wannan mulki. Park Seo-joon ya fito a matsayin mai kantin jingina da ba ruwansa da siyasa, Han So-hee kuma mai neman waɗanda suka ɓata. Bincikensu ya kai su ƙarƙashin asibitin Ongseong, inda sojojin Japan ke gwaji a kan fursunoni da wata tsutsa mai shiga ƙwaƙwalwa. Dodon da ya fito daga gwajin mahaifiyar jarumar ce. Asibitin da tsutsar ƙirƙira ne. Gwaji a kan mutane kuwa ya faru, a Rukuni na 731 na sojin Japan da ke Pingfang kusa da Harbin, ƙarƙashin Shiro Ishii, inda aka kashe aƙalla mutum 3,000, akasarinsu 'yan ƙasar Sin, tare da Rashawa da Koriyawa. Amurka ta kare shugabannin rukunin daga shari'a domin ta karɓi sakamakon gwaje-gwajensu. Sai a 2002 wata kotu a Tokyo ta amince cewa Japan ta yi amfani da makaman ƙwayoyin cuta a Sin, ta kuma hana diyya. Wanda ya kalli wasan ya ɗauka a Seoul aka yi abin ya yi kuskuren wuri, wanda ya ce babu komai a ciki sai ƙarya kuwa kuskurensa ya fi girma.

Iyakar ƙirƙira ta fito fili a 2021 da Joseon Exorcist na gidan talabijin na SBS. Shi ma aljanu ne da gawarwaki masu tashi, amma marubucinsa ya ɗauko sarakuna na gaske. A kashi na farko an nuna Sarki Taejong, wanda ruɗi ya kama, yana sare talakawan da ba su ji ba ba su gani ba. An kuma nuna ɗansa Chungnyeong yana karrama wani limamin Katolika da abincin Sinawa, har da ƙwan da ake tsumawa da wainar bikin wata, a ɗaki mai adon Sin. Wannan ɗa shi ne Sarki Sejong na gaba, wanda ya samar da haruffan Hangul a 1443, kuma hotonsa ke kan takardar won 10,000. Cocin Katolika bai kafu a Koriya ba sai 1784, fiye da shekara 350 bayan zamanin da ake nunawa. Mai tatsuniya na iya sa Dodo ya haɗiye gari sukutum ba mai tanka masa, amma ranar da ya kira sunan kakan wani ya laƙaba masa ta'asa, jikoki za su tare shi a ƙofar gida.

Lokacin ma bai yi wa wasan daɗi ba, don ana tsakiyar cacar baki tsakanin Koriyawa da Sinawa kan asalin kimchi da rigar hanbok. Masu shirya wasan sun ce wurin yana kusa da iyakar Sin ne shi ya sa suka zuba kayan can, uzurin da ya nuna ba su auna zafin da jama'a ke ciki ba, ko kuwa sun raina shi. Masu kallo suka kai koke fadar shugaban ƙasa, kamfanoni suka janye tallace-tallacensu ɗaya bayan ɗaya, 'yan wasan suka fito suka nemi gafara. An shirya kashi 16, an riga an ɗauki kusan kashi 80 cikin ɗari na aikin, amma biyu kacal aka nuna, a ranakun 22 da 23 ga Maris. Ranar 26 ga watan SBS ya soke wasan baki ɗaya.