Walƙiya Biyu a Hoto Ɗaya: Haɗa Filashin Waje da Ƙaramar Kyamara

Ƙaramar kyamarar dijital, irin ta sakawa a aljihu, sau biyu take haska filashinta a duk dannawa ɗaya. Da farko takan saki 'yar walƙiyar gwaji, ta auna hasken da ya dawo mata daga fuskoki da tufafi, sannan ta saki walƙiyar ainihi gwargwadon abin da ta auna, kamar mai girki da ke ɗanɗana miya kafin ta ƙara gishiri. Tazarar da ke tsakaninsu gutsuren daƙiƙa ce, shi ya sa ido ke ɗaukar su abu guda.

A zamanin fim ba lallai sai an yi haka ba. Kyamarar Olympus OM-2 ta 1975 tana auna hasken da ke dawowa daga jikin fim ɗin ana cikin ɗaukar hoton, da ya isa ta katse filashi. Sansar dijital kuwa sheƙi gare ta, awon da aka yi a kanta ba abin dogaro ba ne, dole a yi gwajin tun kafin hoton.

Filashin da ke jikin irin wannan kyamara da ƙyar yake wuce mita 3 ko 4. A walimar saukar Alƙur'ani bayan isha'i, a tsakar gida a Lahodu ko cikin garin Wurno, sahun gaba ne kawai ke fitowa, na baya duhu ya haɗiye su. Ga kuma hunturu: idan iska ta kwaso ƙura ta ratso fadamar Rima, filashin da ke dab da gilashin kyamara yakan haske ƙurar da ke shawagi a gabansa, hoto ya fito da fararen ƙawanyoyi. Ba datti ba ne a gilashi, goge shi ba ya maganin komai. Maganin shi ne a kawo haske daga gefe, wato filashin waje. Da yake yawancin ƙananan kyamarori ba su da mazaunin filashi a samansu, ana amfani da wanda ke da ɗan ido mai jin haske, da ya ga walƙiya shi ma ya tashi.

To a nan ake yin tuntuɓe. Idon nan ba ya bambanta gwaji da ainihi. Walƙiyar farko yake bi, ya zazzage duk wutar da ya tara, kuma yana buƙatar daƙiƙoƙi kafin ya sake cika. Lokacin da kyamara ta buɗe don ɗaukar hoton, ya riga ya mutu. Abin ma bai tsaya nan ba. Kyamara ta ga wannan gagarumin haske a lokacin awonta, ta ɗauka wurin tarwai yake, sai ta rage ƙarfin nata filashin. Sakamakon haka hoton ya fi duhu a kan wanda aka ɗauka ba filashin waje sam. Sai a ji ana cewa batir ne ya yi sanyi, ko an sayo jabu, hujjar kuwa wai kowa ya ga hasken ya cika gidan. Ganin ido ba hujja ba ce a wannan sha'ani! Haske ya tashi, gaskiya ne, amma kafin lokacinsa, kuma sabon batir ba zai gyara wannan ba. Gwajin da ke raba gardama ba ya cin ko sisi: a juyo filashin wajen ya fuskanci kyamara, a ɗauke shi hoto. In fuskarsa ta fito fari fat, sun yi daidai. In ta fito dusu-dusu, ya yi riga-malam-masallaci.

Filasan Yongnuo da Godox da yawa suna da zaɓi biyu, S1 da S2. Na farko yana tashi da walƙiyar farko, na biyu yana ƙyale ta gwaji ya jira ta ainihi, shi ne na ƙaramar kyamara. Sai an kashe tsarin rage jan ido, domin ƙarin walƙiyoyinsa na rikita ƙidayar. Kyamarar da ke bari a saita ƙarfin filashinta da hannu galibi ba ta yin gwaji, S1 ya wadatar.

Ko an daidaita, kyamara ba ta san da filashin waje ba, mai hoto ne zai rage ƙarfinsa ko ya ja da shi baya. In an ninka nisa sau biyu, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Farar babbar riga takan ƙone a hoto tun fuskar mai ita ba ta gama fitowa ba, katangar ƙasa kuma in aka jefa mata haske takan mayar da shi da ja-ja. Da rana tsaka idon ba ya cika ganin walƙiya, a taro kuwa filashin kyamarar wani ma na iya tayar da shi.

Mai kyamarar da ke da mazauni kuma ya kiyayi tsofaffin filasan zamanin fim: wasu daga cikin Vivitar 283 na farko suna kai sama da bolt 200 a ƙafarsu, wanda ya isa ya ƙona kyamarar dijital.