Abubuwan da ya kamata ka sani game da kifin neon tetra

Tsawonsa bai wuce santimita 4 ba, amma da wuya ka shiga shagon kifin ado a duniya ba ka tarar da shi ba. Masana sun fara bayyana shi a 1936, suka sa kalmar innesi a sunansa na kimiyya (wanda yanzu shi ne Paracheirodon innesi) don karrama William Innes, wani Ba'amurke gwanin kiwon kifin ado.

Yaya ake gane shi?

Alamominsa uku ne. Akwai zane shuɗi mai walƙiya daga ido zuwa kusa da wutsiya. Akwai ja a ƙasan jiki, wanda ke farawa daga tsakiya ya ƙare a wutsiya, cikin kuwa fari ne kamar azurfa. Sai wani ɗan mitsitsin fiffike marar ƙaya a gadon baya, gab da wutsiya. Masunta za su gane wannan fiffiken, domin kawara da tsage na kogunanmu ma suna da shi. Dangi ne na nesa. Macen ta fi namiji tumbi, shi ya sa zanenta ke ɗan lanƙwashewa.

Me ya bambanta shi da cardinal?

Kama da wane ba wane ba ce. Mutane kan rikita shi da ɗan'uwansa cardinal tetra. Dubi jan kawai: na cardinal ya kan taso tun daga kai har wutsiya, na neon kuwa rabin jiki ne.

Ina ne mahaifarsa?

Ƙananan rafukan da ke kwarara cikin kogin Amazon, a gabashin Peru, kudu maso gabashin Kolombiya da yammacin Brazil. Bishiyoyi sun rufe sama, rana ba ta ratsawa sosai. Ruɓaɓɓun ganyaye kan rina ruwan ya koma kamar shayi, mai ɗan tsami, ga ƙarancin ma'adinai. A irin wannan duhun yake yawo garke-garke, yana cin ƙananan ƙwari da tsutsotsi. Da dare launinsa kan dusashe, ya dawo idan gari ya waye.

Me hakan ke nufi ga mai kiwo?

Akasarin waɗanda ake sayarwa yau an ƙyanƙyashe su ne a gonakin kudu maso gabashin Asiya, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yana son inuwa, tsirrai, ruwa mai ɗumin digiri 20 zuwa 26, da 'yan'uwa aƙalla shida. Wanda ya ajiye shi shi kaɗai cikin haske tarwai, kifi mai tsoro da koɗaɗɗen launi zai gani.