Baba Ya Ce Ba Zai Rubuta Wasiyya Ba: Yadda Muka Ƙare da Shi

Ranar da na fara ɗauko wa mahaifina maganar wasiyya muna zaune ne a zauren gidanmu da ke Aboabo, cikin Kumasi, bayan sallar la'asar. Kwana uku na yi ina juya yadda zan faɗa. Da na buɗe baki sai kawai na ce, "Baba, da za a samu a rubuta abubuwan nan naka, saboda halin rayuwa." Ya ajiye carbinsa, ya dube ni, ya ce, "To, ka sayo likkafanin ne, ko shi ma ni zan ba da kuɗin?" Ya juya ya kunna rediyo. Mako biyu cur, in na gaishe shi "lafiya" kawai yake ce mini.

Baba ya haura tamanin. Yana saurayi ya biyo fatake daga Kano, ya shiga harkar goro, yana ɗaure huhu ana kai wa Legas da Arewa. Yau yana da mata biyu a raye, ɗaya ta rasu, mu 'ya'yansa goma sha huɗu ne, wasu a nan, wasu a Kano, ɗaya a Yamai, ɗaya a Duwala. Akwai gidan da muke ciki, akwai wani a Fagge, akwai gona a ƙauye, akwai rumfa, akwai bashin da yake bi da wanda ake binsa. Duk lissafin nan a kansa yake, kuma kan nan ya fara mantuwa.

Abin da ya tayar mini da hankali rasuwar wani maƙwabcinmu ce, sa'an Baba. Tun ba a yi sadakar bakwai ba mutane suka fara sallama, wannan ya ce ya ba shi ajiya, wancan ya ce yana binsa kuɗin kaya. Babu takarda, babu shaida, magada kuma ba su san mai gaskiya da mai ƙarya ba. Da aka zo kan gida sai aka tarar takardun da sunan wani amininsa aka yi su, shi ma ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa suka ce gidan ubansu ne. Har yau ana kotu. 'Yan'uwan da suka tashi suna cin tuwo a akushi ɗaya, yanzu in ɗaya ya hango ɗaya a Kejetia sai ya canza hanya.

Me ya sa suke ƙi?

Da farko na ɗauka taurin kai ne irin na tsufa. Sai da na zauna da wasu dattawan Zango na gane abin ya fi haka.

Akwai masu ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne. Akwai masu cewa Allah ya riga ya raba gado a cikin Alƙur'ani, me kuma mutum zai ƙara? Akwai wanda tsoronsa shi ne in yara suka san abin da yake da shi, za su fara lissafin kwanakinsa, ko kuma in suka gane abin bai kai yadda suke zato ba, girman da ake ba shi ya ragu. Wani kuma sirri ne da shi: bashin da yake jin nauyin faɗa, ko aure da ya taɓa yi a wani gari har da rabo.

Mu mazauna Ghana muna da wani dalili namu na daban. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana goma sha huɗu su fice daga ƙasar. Mutane suka karyar da gidaje da rumfuna, wasu suka bar wa maƙwabta amana suka hau mota. Baba na cikinsu. Da ya dawo bayan 'yan shekaru, ɗakunan da ya bar wa wani amana an sayar. Darasin da ya ɗauka daga nan shi ne kada kowa ya san abin da ka mallaka, kada kuma ka bari ya hau takarda. Wanda ya ga wannan da idonsa, ba za ka zo rana ɗaya ka miƙa masa biro ya karɓa ba.

Wasiyya daban, rabon gado daban

Kuskurena na farko shi ne ni kaina ban bambance su ba. Sai da wani malaminmu ya zaunar da ni ya warware mini.

In Musulmi ya rasu, ana fara cire kuɗin jana'iza daga dukiyarsa, sannan a biya basussuka, sannan a zartar da wasiyya, abin da ya rage shi ne gado. Wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a yin ta ga wanda yake da rabo a gado sai in sauran magada sun yarda. Misali, in bayan jana'iza da bashi an samu sidi 90,000, iyakar abin da mamaci zai iya yin wasiyya da shi 30,000 ne. Daga 60,000 da ta rage, in yana da 'ya'ya, matansa za su raba tumuni, wato 7,500, sauran kuma ya bi ƙa'ida.

Ke nan mai cewa Allah ya riga ya raba gado ya yi gaskiya. Sai dai malamin da zai yi rabon ba ya sanin gaibu. Bai san wace rumfa ce taka, wace ce ta haɗin gwiwa ba. Bai san buhunan da ke sito na wani ne ya ba ka ajiya ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Hadisin Abdullahi ɗan Umar kuma ya nuna bai kamata mai abin da zai yi wasiyya a kai ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba.

Sannan akwai mutanen da in ba wasiyya ba su da komai. Jikokin da ubansu ya rasu kafin kakansu ba sa gado matuƙar kakan ya bar ɗa namiji. Yaron da ka riƙa tun yana ƙarami, da yaron shagon da ya yi maka shekara talatin, da matar da ka aura ba Musulma ba, duk ba su da rabo a gado, amma ana iya yi musu wasiyya cikin sulusin nan. A gidanmu marayun ƙanena guda uku suna cikin wannan sahu, kuma su ne 'yan lelen Baba.

Dokar ƙasar da kake zaune

Nan ne mu 'yan ci-rani muke yawan faɗawa rami. A Kano ko Katsina, kotun shari'ar Musulunci ce za ta raba gado. A nan Ghana kuwa, wanda ya mutu bai bar wasiyya ba akwai dokar da aka yi a 1985, wadda aka fi sani da lamba 111, ita ce kotu take bi. Tana ba mata da 'ya'ya gida da kayan gida, sauran dukiya a kasa ta bisa wani lissafi nata, kuma ba ta bambanta ɗa namiji da 'ya mace. Gidaje da yawa a Zango malamai ne suke raba musu gado, a tashi lafiya. Amma ranar da mutum ɗaya ya ce bai yarda ba ya tafi kotu, to zance ya koma hannun dokar ƙasa.

Hanyar da mutum zai tsare wannan ita ce ya bar wasiyyar da ta cika sharuɗɗan dokar wasiyya ta 1971: a rubuce, da sa hannunsa ko dangwalensa, a gaban shaidu biyu da suke wurin a lokaci ɗaya, kuma kada shaidun su zama cikin masu amfana. A ciki zai bayyana cewa a raba dukiyarsa bisa shari'ar Musulunci, ya kuma ambaci wasiyyin da zai tsaya a kai. Ana iya kai ta Babbar Kotu a ajiye.

Kada a manta, tsarin mulkin Ghana na 1992 bai ba wanda ba ɗan ƙasa ba damar riƙe fili fiye da hayar shekara 50 a lokaci guda ba. Wannan na cikin abin da ya sa wasu iyayenmu suka sa sunan mata ko na aboki a takardun gida. In ba a rubuta gaskiyar lamarin tun masu shi suna raye ba, takarda ce za ta yi magana. Haka banki da kamfanin kuɗin waya, ba za su saki kuɗin mamaci don ka ce kai ɗansa ne ba, sai da takardar kotu. 'Yan'uwa na Kamaru, Nijar, Chadi da sauran wurare, kowace ƙasa da tsarinta, a tuntuɓi lauyan ƙasar tare da malami, kada a wadatu da ɗaya.

Dabarun da suka yi mana aiki

Na farko, na daina furta kalmar wasiyya gaba ɗaya. Bayan ya huce, sai na zo masa ta ƙofar bashi. Na ce, "Baba, in wani ya zo ya ce yana binka, ta yaya za mu gane gaskiya ne? Kada mu hana mai haƙƙi haƙƙinsa, abin ya zame maka nauyi." Ya yi shiru, can ya ce in ɗauko littafi. Dattijon da ba ya son a yi masa maganar dukiyarsa, ba ya wasa da maganar haƙƙin mutane. A daren nan na ji sunayen da ban taɓa ji ba, har da wata tsohuwa a Salaga da mijinta ya ba Baba ajiya tun kafin in yi aure.

Na biyu, na rubuta tawa. Na kai masa na ce ya duba mini ko akwai gyara. Ya karanta ya ce, "Kai da ko furfurar kirki ba ka gama ba?" Na ce, "Baba, ƙanena da muka binne ai bai kai ni ba." Bai ce komai ba, amma ya riƙe takardar har washegari.

Na uku, mun gane ba kowane baki ne zai faɗi wannan magana ba. Yayanmu ɗan fari ne, tsakaninsa da Baba akwai kunya, ko sunansa Baba ba ya kira. Ni kuma in na faɗa, sai a ce ɗakinmu nake yi wa yaƙi. Sai muka nemi amininsa da suka yi fatauci tare, da limamin masallacinmu. Akwai kuma 'yata, wadda saboda wasan jika da kaka take faɗa masa abin da ni ba zan iya ba. Ita ce ta ce masa, "Tsoho, ka rubuta mini rabona tun yanzu, ka san ni ba ni da gado." Ya yi dariya ya kore ta, amma daga baya shi da kansa ya tambayi liman hukuncin marayun nan.

Na huɗu, ba mu yi komai a ɓoye ba. Kowane ɗaki an sanar, na Kano da na Yamai da na Duwala an kira su a waya. Ranar da aka rubuta, babu ɗa ko ɗaya a ɗakin, daga Baba sai liman da shaidu biyu da lauya. Baba ya yi nasa da ajami da hannunsa, lauya ya yi na Turanci, aka karanta masa aka fassara kafin ya sa hannu. Wannan ya kare mu daga zargin cewa wani ne ya riƙe masa hannu.

Wani abin lura shi ne kyauta. Iyaye da yawa sukan ce "gidan nan na ba wane," magana ta tsaya a baki. A mazhabarmu ta Malikiyya, kyautar da ba a karɓa aka riƙe ba har mai bayarwa ya rasu ta koma cikin gado, wadda kuma aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Duk wanda zai yi kyauta ya yi ta yana da lafiya, ya miƙa, a kafa shaida, ya kuma yi adalci tsakanin 'ya'ya.

Kada a bar iyaye mata a baya. Da muka zauna da Inna, sai ga adashi biyu, da awaki da tumaki da ta ba da kiwo a ƙauye, da sarƙar gwal da ashe ba tata ba ce, jingina ce. Ita ko gardama ba ta yi ba, cewa ta yi dama jira take a tambaye ta.

Inda muka tsaya

Ba zan ce muku komai ya kammala ba. An rubuta basussuka da ajiya, an yi wa marayu wasiyya, an naɗa wasiyyi, an gyara takardun gidan Kumasi. Amma gidan Fagge, wanda ƙaninsa yake ciki da iyalinsa shekara arba'in, Baba ya ƙi cewa komai. Aro ne, kyauta ce, ko na gadon kakanmu ne da ba a raba ba, shi da ƙanin nasa kaɗai suka sani. Duk lokacin da na taɓo zancen sai ya ce, "Wannan tsakanina da ɗan'uwana ne." Na bar matsa masa, don ban ga ribar samun takarda in rasa albarkarsa ba. Abin da muka shirya shi ne in Allah ya kai mu bayan Sallah, Yaya zai kawo Baffa Kumasi, su kwana biyu tare, liman ya shigo musu da shayi.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kai da kake karanta wannan a rumfarka, in naka tsohon yana raye, fara da tambayarsa wa yake binsa bashi. Kafin ka je kuma, ka ɗauki littafi ka rubuta naka, don mu da muke kwana a kan hanya tsakanin Kumasi da Paga da Yamai ba mu da tabbacin su za su riga mu. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu rabu da su lafiya.