Babi na Tara: Kansar Furostet da Matakan Gwajinta

Furostet wata ƙwaya ce da maza kaɗai ke da ita, girmanta kamar goro. Tana ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari kuma ta ratsa tsakiyarta.

Ka zauna a ƙofar babban masallacin Zongo a Kwatano bayan la'asar, ka ɗauko zancen ciwonta, za ka ji dattijo ya ce: "Ni fitsarina lafiya lau, ko da dare sau ɗaya nake tashi." To sai me? Kumburin tsufa, wanda ba kansa ba ne, shi ke fitowa a tsakiyar ƙwayar ya matse hanya, shi ya sa yake saurin tona kansa. Ita kuwa kansar, kusan kashi 70 cikin 100 a gefe take tsirowa, ta baya, nesa da hanyar fitsari. Sai ta yi shekaru mutum yana harkokinsa bai ji komai ba. Kafin ciwon baya da ƙugu su hana shi ruku'u, sau da yawa ta riga ta kai ƙashi. A nan ma sai a ce sanyi ne ko basir, a sayo jiƙo a kasuwar Dantokpa a yi ta sha wata da watanni. Sanyin nan ya sha ɗaukar laifin da ba nasa ba!

Da yake ta baya take, yatsan likita ta dubura yana iya taɓo ta. Bai kai minti ɗaya ba, amma kunya ta sa maza da yawa gudunsa, kai ka ce kunya ta taɓa warkar da wani.

Sai gwajin jini na PSA, wanda ɗakunan gwaji a Kwatano suna yi. Idan ya haura 4 akan soma zargi, amma cikin maza huɗu da nasu ya hau, kusan uku ba su da kansa. Saboda haka a asibiti irin CNHU Hubert Koutoukou Maga sai a kai ga tsakuro nama da allura, yawanci wuri 12, a duba.

Daga nan hanya ke rabuwa. A Turai yanzu hoton MRI ake fara yi kafin allura. Binciken PRECISION na 2018, a kan maza 500, ya nuna kashi 28 cikin 100 na waɗanda aka yi wa hoton sun tsira daga allurar, kuma an kama kansa mai haɗari a kashi 38, alhali tsohuwar hanya 26 ta kama. Sai dai hoton yana son na'ura mai ƙarfi, wutar da ba ta yankewa, da likitan da ya ƙware wajen karanta shi. Ɗan tireda da ke biya daga aljihu, bayan kuɗin zemijan (wato acaba) da na magani, yakan tsaya ne inda sefarsa ta ƙare. Ga takardar sakamako da Faransanci, sai jika ya dawo daga makaranta ya karanta masa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na ƙololuwa, hoton PSMA PET, wanda Amurka ta amince da shi a Disambar 2020. Ana yi wa mutum allurar wani sinadari mai manne wa ƙwayoyin kansar duk inda suka ɓuya, ko a ƙashi ne, sai su haskaka a hoto. Amma galiyam-68 da ke cikinsa duk minti 68 rabin ƙarfinsa yake mutuwa. Da za a ɗauko shi daga Faris, tafiyar awa shida a jirgi, abin da zai iso bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Dole a haɗa shi kusa da mara lafiya, da ma'aikata da na'urorinsu. Shi ya sa mai hali ke hawa jirgi zuwa Faransa, Maroko ko Indiya.

A Ingila an ƙiyasta baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai kamu da ita a rayuwarsa, ninkin na sauran maza. Wanda ya kai shekara 45, musamman idan mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa yin ta, ya je wurin likita ya nemi PSA, ko da fitsarinsa lafiya lau ne.