Bashin da ke kwana a kan fili

Yau shirin namu ya nufi kudancin Kano, ƙasar Autan Bawo, wato Rano da maƙwabciyarta Kibiya, kuma maganar haraji za mu yi. Na san da jin wannan kalma wani ya kai hannu zai murɗa rediyo. Dakata tukuna, Alhaji, wataƙila da kai ake.

Bari in fara da abin da ya fi ɗaukar hankalina sa'ad da nake haɗa shirin. A 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim, ya sauka a Kano, ya rubuta irin harajin da ya tarar ana biya. Kuɗin ƙasa, wuri 2,500 a kan kowane magidanci. Kuɗin karofi, wuri 700 a kan kowane ramin rini. Kowane rami fa! To ku tuna, a labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba. Ke nan marinin da ya haƙa sabon rami ya san ya haƙa wa kansa sabon haraji, tun kafin ya tsoma zane ko ɗaya.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai suka ce a riƙa auna gona. Da me za a auna? Da ƙafa. Aka ɗauki malamai, ana kiransu malaman taki, su bi gefen gona suna taku suna ƙirgawa, tsawo da faɗi, su rubuta, a yanka wa mai gona haraji gwargwadon abin da ƙafar malam ta faɗa. Ni dai duk lokacin da na tuna wannan sai na yi murmushi. A ce malamin dogo ne mai dogon taku, gonarka ta ragu a takarda, ka ji sauƙi. A ce gajere ne, ko ya zo da yunwa ba a tarye shi da fura ba, sai gona ta kumbura. Daga baya aka koma lissafin kawunan maza baligai, dagaci ya tara, ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali.

A gidanmu akwai wani gwangwani da kakana yake ajiye rasit ɗin haraji a ciki, ya naɗe su da tsumma kamar laya. Ba ya karanta boko, amma ya san wace takarda ce ta wace shekara. Ranar da ɗan doka ya tare ka a hanyar kasuwa, wannan 'yar takarda ce mutuncinka.

Sai 1979 ta zo, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali a jihar Kano. Talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci murnar. Amma tun daga ranar aka jefar da gwangwanin, mutane da yawa suka ɗauka ƙasa ta daina bin kowa bashi. A nan gizo yake saƙar. Harajin kai da na shanu Rimi ya soke. Na fili yana nan, yana taruwa shiru.

To ga yadda dokar take, a gurguje. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Inda aka ayyana birni ne, gwamna ke ba da takardar shaidar mallaka. A karkara, irin gonakin Rurum ko Tarai ko Saya-Saya, ƙaramar hukuma na da ikon ba da izinin mallaka na gargajiya. Wanda ke riƙe da takardar gwamna, akwai kuɗin ƙasa a kansa duk shekara, na jiha. Harajin gine-gine kuwa da na shaguna da rumfunan kasuwa, tsarin mulki na 1999 ya sa su a ɓangaren ƙaramar hukuma. Aljihu biyu ne. In ka biya ɗaya, ɗayan bai san ka yi ba.

Kada wani ya ce ai takarda ce kawai. A watan Maris na 2025 hukumar birnin tarayya Abuja ta soke takardun filaye 4,794 saboda bashin kuɗin ƙasa na sama da shekara goma. A watan Mayu aka garƙame wasu daga cikinsu, har da hedikwatar jam'iyyar PDP ta ƙasa. Jam'iyyar da ta mulki Najeriya shekara goma sha shida, jama'a, aka sa wa ƙofarta kwaɗo kan kuɗin ƙasa! Sai da Shugaba Tinubu ya sa baki aka ba da wa'adin kwana goma sha huɗu. Nan gida ma, a ƙarshen 2024 gwamnatin Kano ta kira duk masu takardun mallaka su je a sabunta musu. Ina mai shago a bakin titin Rano zai tsaya, in irin wannan ta taso?

Abin da ya fi damuna shi ne bashin nan ba ya bin mai shi kabari, a kan filin yake kwana. Ka sayi gida, dillali ya karɓi la'adarsa, mai unguwa ya sa hannu, an yi addu'a an watse. Ranar da ka je a mayar da takarda da sunanka, ko ka kai ta banki jingina, sai a buɗe fayil a ce akwai bashin shekaru, kuma ba za a sa hannu ba sai an biya. Wanda ya sayar maka ya riga ya ci kuɗinsa. Haka magada: malamanmu sun karantar da mu cewa sai an fitar da bashi kafin a raba gado, amma wa yake tuna na hukuma ranar rabo?

To mene ne abin yi? Kafin ka biya kuɗin fili mai takardar gwamna, a je ma'aikatar ƙasa ko hukumar KANGIS a Kano a binciki fayil ɗin. In da bashi, a cire shi daga cikin ciniki. In kuwa naka ne tuntuni, je ka da kanka ka nemi a rubuta maka abin da ake binka, shekara bayan shekara, da lambar fayil. Ka gwada da rasit ɗin da ke hannunka. In ka ga kuskure, ka rubuta ƙorafi, ka riƙe kwafi mai hatimi. In ya yi maka nauyi, ka nemi a yarda ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, kuma duk abin da aka amince a sa shi a rubuce. Biya kuwa a banki, cikin asusun gwamnati. Wanda ya zo ƙofar shago ya ce a ba shi a hannu zai “gyara” maka, wannan jikan malamin taki ne. A banki, na sake faɗa, kuma ka karɓi rasit.

Ana ɗaga mini hannu daga bayan gilashi, lokaci ya ƙure. Abu ɗaya kafin mu tafi: doka ba ta yarda a soke takardar mutum da fatar baki ba. Sai an ba shi sanarwa a rubuce, da sa hannun jami'in da gwamna ya ba izini, kuma kotu a buɗe take ga wanda aka tsallake wa wannan mataki. Sai dai diyyar da dokar ta tanada, ta wanda aka karɓi filinsa don aikin jama'a ce, ban da wanda ya ƙi biya. Maganar jinginar gona da rigimar iyaka sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.