Me Ya Sa Kifi Ke Cin Ƙoto Gaban Hadari?

Zancen kimiyya na wannan mako a kan kamun kifi ne, da wata magana da masu fatsa su ka daɗe suna yi, cewa kifi bai taɓa cin ƙoto ba kamar sa'ad da hadari ya haɗu.

A jihar Minesota ta ƙasar Amurka akwai tabkuna fiye da 10,000. In lokacin zafi ya yi, watau daga watan Yuni zuwa Agusta, sai mutane su shiga ƙananan kwale-kwale suna fatsar waɗansu 'yan kifaye waɗanda mutanen can ke kira kifin kasko, gama ɗaya ba ya fin girman kaskon suya. Sananne daga cikinsu shi ne bulugil. Faffaɗa ne kamar karfasa, tsawonsa ya kan kai inci 6 zuwa 8. Mafi nauyi da aka rubuta an kama shi ne a jihar Alabama cikin 1950, laba 4 da oza 12. Tana ita ce ƙotonsa, a kan kuma ɗaura wa zaren ɗan abu mai yawo bisa ruwa, kamar totuwar da masunta ke sawa.

Masu wannan fatsa sun ce in gari ya yi lumshi, hadari na tasowa, sai kifin ya yi ta ci kamar an yi masa yunwar kwana bakwai. Galibinsu kuwa sun ɗora abin a kan nauyin iska. To, bari a duba wannan dalili.

Iskar da ta lulluɓe duniya tana da nauyi. Wani masani na ƙasar Italiya, Toriceli, shi ya fara auna ta cikin 1643. Ya cika bututun gilashi da zaiba, ya kifa shi cikin kwanon zaiba, sai ya ga nauyin iska ya riƙe zaibar nan a tsaye wajen inci 30. Wannan shi ne asalin ma'aunin da a ke kira baromita. In hadari na zuwa zaibar ta kan sauka. Kifi kuwa yana da 'yar jakar iska a cikinsa, wadda ke hana shi nitsewa ƙasa ko tasowa sama ba da sonsa ba. Saboda haka aka ce saukar nauyin iska ta kan sa jakar ta kumbura, kifi ya ji a jikinsa, ya yi hanzarin cika cikinsa.

Amma lissafi bai goyi bayan wannan sosai ba. Zaiba ta fi ruwa nauyi fiye da ninki 13. Watau dukan nauyin iskar da ke bisa tabki daidai ya ke da ruwa mai zurfin ƙafa 34. In zaiba ta sauka da rabin inci, wanda sauka ce babba, abin da kifi zai ji bai wuce kamar ya taso sama da inci 7 ba. Alhali kuwa kifin nan yana hawa da sauka fiye da haka kowane minti, garin bin ƙwaro.

Dalilan da su ka fi ƙarfi a fili su ke. Na farko haske. Bulugil da ido ya ke farauta, kuma shi ma abin farauta ne ga manyan kifaye da tsuntsaye. In rana ta take ya kan fake cikin ciyawar ruwa ko ya sauka mai zurfi, sai da asuba da almuru ya fi fitowa kiwo. Gizagizai in sun rufe rana, almuru ya zo masa ke nan tun da la'asar. Na biyu iska. Ita ke kakkaɓo ƙwari daga itatuwa da ciyayi ta zuba su bisa ruwa, ta kuma kora ƙananan halittun ruwa zuwa gefe guda, kifi ya bi su. Na uku, in fuskar ruwa ta yamutse, kifi ba ya ganin kwale-kwale ko zare sosai, sai tsoronsa ya ragu. Ashe masu fatsa sun yi gaskiya a kan abin da su ka gani, a wajen dalilin ne zance ya bambanta.

Sai dai fa lokacin nan da kifi ya fi ci, shi ne lokacin da ran mai fatsa ya fi shiga hatsari. Tsawa ta kan nemi abin da ya fi tsawo a wurin, a tsakiyar tabki kuwa babu abin da ya fi mutum tsawo, balle in ya ɗaga sandar fatsa. Sandunan zamani da yawa da zaren kabon a ke yinsu, lantarki kuwa yana bin sa. Wani lokaci sandar ta kan yi ƙara kamar zuma, ko gashin mutum ya miƙe. Wannan alama ce lantarki ya taru a wurin. Hukumar duba yanayi ta Amurka ta ƙidaya mutum 418 da tsawa ta kashe daga 2006 zuwa 2019. Mutum 40 daga cikinsu kamun kifi su ke yi, babu wata harkar shaƙatawa da ta kai wannan adadi.

Ga wata dabara mai sauƙi. Haske ya fi ƙara sauri ƙwarai. In an ga walƙiya sai a ƙirga sakan har a ji cida: kowane sakan 5 mil 1 ne, ko kuwa sakan 3 kilomita 1. Amma kada lissafin ya ruɗi kowa, gama tsawa ta kan faɗa mil 10 daga inda ruwan ke zuba. Muddin kunne ya ji cida, an riga an shiga inda ta ke kaiwa. Har wa yau, iska mai sanyi da ke gabatar ruwan ta kan ta da igiya farat ɗaya, ta kifar da ƙaramin jirgi tun ɗigon farko bai sauka ba.

Saboda haka wajibi ne mai fatsa ya sa rigar hana nitsewa, kada ya yi nisa da gaci in ya ga gari ya canja. Da jin cida ta fari sai ya kwantar da sanda, ya nufi tudu, ya shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe, ba gindin itace ba. Ya kuma dakata minti 30 bayan cida ta ƙarshe kafin ya koma. Wannan doka ɗaya ce ga mai fatsar bulugil a Minesota da mai jefa wa karfasa taru a Tabkin Chadi ko na Volta. Kwaɗayi, in ji masu magana, mabuɗin wahala ne. Kifin da aka bari yau yana nan cikin ruwa har gobe.