Kiran da Namijin Ƙwaro Ke Yi a Cikin Rumbu

Manoman Wurno, da Rabah, da Goronyo, ga kaka ta yi, an fara kai dawa da masara rumbu. To, ku saurara ku ji yadda ƙwari ke tara 'yan'uwansu a kan hatsinku.

Akwai wasu ƙananan ƙwari masu huda ƙwayar hatsi su mai da ita gari. Ba su zuwa da taro tun farko. Namiji guda ne ke fara sauka. Da ya huda ƙwaya ya ci, sai jikinsa ya riƙa fitar da wani wari, wanda masana ke kira feromon. Iska ta ɗauki warin nan, maza da mata su biyo shi har rumbun.

Mafi ɓarna a cikinsu shi ne babban mai huda masara. Asalinsa daga Amurka ta Tsakiya ne, an gan shi a Togo cikin 1984, daga nan ya bazu Afirka ta Yamma. A shekarar 1996 wasu masana a Ingila suka bayyana wani abin mamaki game da shi. In namiji yana zaune shi kaɗai, warin da ya ke fitarwa yana da yawa. Amma da zarar mace ta zo ta zauna tare da shi, sai ya rage ƙwarai. Ashe kiran na neman mace ne, in ya samu, me zai sa ya tara wa kansa abokan gaba?

Kada dai manomi ya ce an huta. Lokacin da kira ya lafa, lokacin ne mace ke zuba ƙwai, tsutsa kuwa tana cin ƙwaya daga ciki. Cikin wata guda ko fiye kaɗan, sababbin maza su fito su sake kira.

Saboda haka maganin abin shi ne a hana na farkon shiga. A share rumbu sarai, a ƙone tsohon gari da ƙaiƙayi, a liƙe tsaga da laka. Kada a zuba sabon hatsi a kan tsoho. A shanya shi ya bushe sosai. 'Yan kasuwa kuma su duba tsofaffin buhuna, ko su nemi buhu mai ninki uku wanda iska ba ta shiga. Rigakafi ya fi magani.